Bencin Direbobi

Auta ta sake zagayo shataletalen tsakiyar gari tana neman inda za ta ajiye mota, Baba kuwa yana gefenta yana ta danna birkin da babu shi da ƙafarsa ta dama. Mutumin da ɗazu da safe ya kasa gane ƙofar banɗaki a gidan da yake kwana, shi ne yanzu yake gaya mata ta bar hannun hagu, domin gaba kaɗan motocin haya ke tsayawa su toshe hanya. Ta bi maganarsa. Suna wucewa kuwa sai ga su nan a jere, sun toshe hanyar kamar yadda ya faɗa.

Baba tsohon direba ne. Ƙarfinsa duk ya ƙare a bayan sitiyarin wani ɗan kasuwa da yake kira Maigida, wanda ya daɗe da rasuwa. Ciwon mantuwa ya fara masa da makulli da sunayen jikoki, ya yi ta cin gaba har ya iso kan cokali. Yanzu ya daina cin abinci. Ba faɗa, ba fushi. A ajiye masa kwano, ya dube shi, ya yi godiya, ya tura gefe. Auta ta dafa, ta saya, ta lallasa, ta yi kuka, har ta taɓa daka masa tsawa sannan ta koma kicin tana jin kamar ta mari kanta. In ban da ruwa da ɗan shayi, babu abin da ke wuce maƙogwaronsa. Sai da ta ƙara wa bel ɗinsa huda kafin wando ya zauna masa.

Likita bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce gobe in suka koma bai fara ci ba, za a kwantar da shi a zura masa bututu ta hanci. Kuma tun da Baba ba ya barin ko allurar ƙarin ruwa a jikinsa, sai an ɗaure masa hannuwa a jikin gado. Ta ga wani tsoho a haka a ɗakin marasa lafiya, ya zuba wa ƙofa ido. Abin da ya hana ta barci ke nan.

Yayanta da ke zaune a wata ƙasa ya kira ya ce a ba shi abin da yake so mana, ai tsofaffi sai da dabara. Shawara daga nesa ba ta da nauyi, shi ya sa ba ya gajiya da aiko ta. Amma wannan karon maganar ta tsaya mata a rai, domin jiya Baba ya yi ta zancen gasasshen kifin wani gidan abinci mai rumfar gilashi a tsakiyar gari.

Tun tana ƙarama ta haddace tsakiyar garin nan daga bakinsa. Ya san inda ake gasa kifi ba a busar da shi ba. Ya san benen da ake hawa samansa a sha shayi ana kallon fitilun gari, da lambun da ake fara kiɗa in rana ta yi sanyi, da inda suke tsuga wa lemo ruwa su ce sabon matsi ne. Ya san gidan da ba a zuwa ranar Litinin saboda babban kuku yana hutu. Kuma yakan dawo mata da ɗan ƙunshi a aljihu. A makaranta ta sha cika wa ƙawayenta baki cewa babu gidan abincin da babanta bai ci ba a garin nan.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta nemi hutun yini a ofis, ta goge masa rigarsa mai kyau, ta sa shi a mota. Jakar asibiti ma ta haɗa, ta ajiye a bakin ƙofa, domin ba ta yarda da sa'arta ba.

Da ƙyar suka samu gurbi kusa da gidan kifin. Kafin ta kashe mota Baba ya fita, ya zagayo da sassarfar da ta manta yana da ita, ya buɗe mata ƙofa ya ɗan rusuna.

"Mun iso, ranki ya daɗe."

Duk ranar da ya kira ta da haka, to Auta ta ɓace masa ke nan, ta koma matar Maigida. Ya zaro hankici ya fara goge gilashin motar.

Gidan yana nan, rumfar gilashin ma tana nan, sai dai an yi mata fenti. Ta cikin taga ana hango mutane suna ɗaukar abincinsu hoto kafin su ci. Ƙamshin kifi da albasa ya fito har titi. Ta riƙe hannunsa suka taka, suna zuwa bakin ƙofa ya ja ya tsaya.

"Baba, mu shiga. Kifin nan ne da kake ba ni labari."

"Ina wajen mota, ranki ya daɗe. In kun gama sai a aiko a kira ni."

Ta roƙe shi, ta ja hannun rigarsa, ta ce rana ta yi zafi, ta ce ƙafarta na ciwo. Ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi, yana murmushi irin na mai jin kunya. Masu shiga suna ratsa su suna waiwaye. Sai ta ɗauka cunkoson ne ya firgita shi, ta ja shi suka bi titi a ƙafa.

A benen shayi ya gaida mai gadi hannu bibbiyu, ya nuna mata inda inuwa ke sauka bayan azahar, amma ko matakala ɗaya bai taka ba. A lambun kiɗa ya gaya mata akwai famfo a bayan katanga, ruwansa sanyi ƙalau, kuma in ka tsaya daidai wajen kana jin kiɗan tsaf. A gidan lemo ya ce a yi hankali da kwatar da ke gefen hanya, tana cin taya. Duk inda suka je ya san wurin kamar tafin hannunsa, amma iyakarsa bakin ƙofa.

A nan ne abin ya faɗo mata. Ta bi labaransa ɗaya bayan ɗaya tana neman tebur, ko launin bango, ko fuskar mai kawo abinci, ba ta samu ba. Ƙofofi ne kawai a cikinsu, da masu gadi, da inuwa. Sauran duk abin da ya ji ne daga kujerar baya, Maigida da abokansa suna sakace suna yabo da kushe. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda, har ta rasa wanne ya fi ciwo.

Suka dawo gidan kifin. Mai gadin da ya ga kokawarsu ta farko ya matso da niyyar taimako, ya ce in direbanta ne, ai bencinsu yana nan ta baya.

"Mahaifina ne," in ji Auta, da ƙarfin da ya sa mutumin ya ja da baya yana ba da haƙuri.

Amma haƙurin bai samu mai karɓa ba, domin Baba ya riga ya sha kwana. Ba wanda ya nuna masa hanya. Ya wuce tarin akwatunan lemo, ya wuce injin janareta, ya zauna a kan wani dogon benci da zama ya goge shi har yana sheƙi. Direbobi biyu suna kai. Ya gaishe su kamar jiya suka rabu, ya zare takalmi ɗaya ya ɗora ƙafa a kai. Rabon da ta ga ya sake jiki haka har ta manta.

Tana tsaye ta rasa tudun dafawa, sai ga mai kai abinci ya fito ta ƙofar baya da wani ƙunshi, ya miƙa wa ɗaya daga cikin direbobin, ya ce in ji oga. Mutumin ya buɗe. Ragowar kaza ce da ɗan dankali. Idon Baba ya bi ƙunshin, kuma Auta ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiyi yawu.

Ba ta tsaya shawara ba. Ta shiga ta zauna, ta sa aka kawo kifi mafi girma da soyayyen dankali, ta ce a kai wa dattijon da ke benci, a ce in ji matar Maigida. Mai kai abincin ya dube ta, ya dubi ƙofar baya, ya ɗauki farantin ya fita. Ba a jima ba ya dawo da farantin yadda ya fita da shi. Wai dattijo ya ce an yi kuskure, wannan ba a taɓa shi ba, a mayar wa mai shi kafin a ce shi ya ci abincin manya.

Auta ta daɗe tana kallon kifin. Sannan ta ɗauki cokali mai yatsu ta farke masa ciki, ta yagi gefe, ta wargaza dankalin, ta matse lemon tsami ta jefa ɓawon a ciki. Ta kai loma ɗaya baki domin ya yi kama da abin da aka ci aka rage. Ta kora da ruwa. Ita ce yau take ƙera wa mahaifinta ragowa da hannunta, kuma tana addu'a ya karɓa.

"Kar a sa a kwali mai kyau," ta ce. "A naɗe a takarda kawai."

Akwai wata 'yar taga a lungun da ke zuwa banɗaki, tana kallon bencin. Nan ta je ta tsaya. Ta ga Baba ya miƙe ya karɓa hannu bibbiyu, ya ce a yi masa godiya. Ya zauna ya ɗora ƙunshin a cinya, ya buɗe a hankali, ya sunkuya ya shaƙi ƙamshin ido a rufe. Ya ɗauki dankali ɗaya. Ya kai shi har kusa da leɓe, ya tsaya, sannan ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko. Ya lashi yatsansa. Ya naɗe takardar tsaf, ya ƙara naɗe ta da hankicinsa, ya ƙulle bakin.

Ta jingina goshi da bango. Wata mata da ta fito daga banɗaki ta tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau.

A hanyar gida bai danna birki ba ko sau ɗaya. Hannuwansa biyu suna kan ƙunshin, yana tare shi duk sanda suka faɗa rami. Maiƙo ya fara ɓullowa ta jikin hankicin. Da cunkoso ya tsayar da su a gaban benen shayi, ta yi ta maza ta ari muryar matar da ba ta taɓa gani ba.

"Direba, ba za ka ci ba ne? Zai huce fa. Ni na ce ka ci."

"A gafarce ni, ranki ya daɗe," ya ce yana kallon gaba. "Akwai yarinya a gida. Auta ce. Duk inda ta ji ƙarar ƙofa, aljihuna take fara dubawa."

Ta ce za a saya wa yarinyar nata daban, wannan nasa ne. Ya yi godiya sosai, ya ce Allah ya ƙara arziki, amma bai kwance ƙullin ba. Na baya suka yi ta danna mata ham kafin ta lura hanya ta buɗe.

Rana ta kusa faɗuwa suka isa gida. Ta zaunar da shi a falo, ta shiga ɗaki ta cire tabarau da kayan fita, ta wanke fuska, ta sa tsohuwar rigarta ta zaman gida. Tana fitowa ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

"Auta? Zo nan, 'yar baba. Zo ki ga abin da na kawo miki."

Ta durƙusa a gabansa. Ya kwance hankicin, ya buɗe takardar a kan cinyarsa. Ya ce na gidan nan ne mai rumfar gilashi, babu mai gasa kifi kamar su a duk garin. Ya shiga zare mata ƙaya ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a gefe, sannan ya tura mata tsokar.

Ta gutsuri kaɗan ta kai masa baki. "Baba, mu ci tare. Loma ɗaya kawai. Don Allah."

Ya yi dariya, ya kama hannunta ya juya shi zuwa bakinta, ɗaya hannun kuma ya shafa cikinsa da ya manne da baya.

"Ni ai na ci a can. Har sai da na ture faranti. Ci abinki."

Maganar da ya saba gaya mata ke nan tun tana 'yar firamare, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Ta buɗe baki ta karɓa. Kifin ya huce, amma yana da daɗi kamar yadda ya sha faɗa. Ya zuba mata ido yana murmushi, yana zare ƙaya yana miƙo mata, ita kuma tana ci, domin in ta tsaya sai ya ɓata fuska. Ta bayan kafaɗarsa tana hango jakar asibiti a bakin ƙofa, inda ta bar ta da safe.