Turaren Goggo a Ƙofar Ɗakin Ɓeraye

Raki na miƙa katin baƙi ke nan a ƙofar ɗakin ɓerayen bincike, dattijon da ke kula da wurin ya ɗaga kai, ya shaƙi iska sau biyu, ya ce da Hausa, "Hajiya, wannan na Maiduguri ne ko na Kano?"

Ta yi turus. Tun daga Manchester take bitar amsoshin Turanci a jirgin ƙasa, ba ta zaci Hausa ce za ta tarbe ta a nan unguwar Edgbaston ba. Ta dubi sunan da ke ƙirjinsa: Dung.

"Me fa, Baba?"

"Turaren mana. Tun kina cikin lif ya riga ki sallama."

"Ai ban fesa komai ba. Email ɗin da suka turo ya ce no perfume, kuma ni ban..."

Maganar ta maƙale. Goggo Bilqis! Da sassafe a flat ɗinsu na Cheetham Hill, Goggo ta hau kujera ta toshe na'urar gano hayaƙi da safa, ta kunna kasko, ta turara mata abaya da mayafi har da gashin kai, tana cewa 'yar gidansu ba za ta je gaban Turawa tana warin bas ba. Raki ba ta sa wannan a layin perfume ba. A gidansu turare kamar wanke fuska ne, hancinta ma ya daina jin sa.

Shekara biyu ke nan tana digirin dakta kan yadda tsoro ke sauya halin ɓera, amma duk a bidiyo take kallonsu, ba ta taɓa riƙe mai rai ba. Gurbi ɗaya tak wannan lab ɗin, wato ɗakin binciken, ya buɗe: horon wata shida, da tallafinsa. In ya wuce ta, babin ƙarshe na aikinta ba shi da ƙafar tsayawa. Gwajin da za a yi mata kafin a ɗauke ta kuwa ƙarfe sha ɗaya ne, saura minti ashirin.

"Ɓera da hanci yake gani," in ji Dung. "Kika shiga haka, duk za su lafe a lungu, sai sun kwana uku kafin su dawo hayyacinsu. Shekara goma ina kwashe musu shara, na fi sanin halinsu fiye da na 'ya'yana."

"Shi ke nan, Baba, ta ƙare mini?"

"Wa ya ce? Ga shower na mata can." Ya miƙo mata shuɗin kayan aiki, da sabulu marar ƙamshi, da wata hula mai rufewa har wuya. "Na san ba za ki shiga kai a buɗe ba, a Bukuru na tashi cikin mutanenku. Ki cuɗa gashin da kyau. In an tambaye ki makara, ki ce jirgi ne. A ƙasar nan ba mai musu da wannan."

Sau uku tana wanke kai. Da ta shiga, Dakta Chloe, shugabar lab ɗin, tana tsaye da takarda a hannu, idonta a kan agogo. Minti bakwai sun gota.

Maganar jirgin tana bakin Raki. Sai ta tuna wata shida za ta yi tana shigowa nan daga hannun Goggo, ta haɗiye ta, ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, har da safar.

Dakta Chloe ta matso, ta shinshina kafaɗarta, sannan ta tuntsire da dariya. Ta ce bara wani ɗalibi ya ɓoye musu yana da kyanwa a gida, wata uku suna neman abin da ke firgita ɓerayen. Ta nuna wani keji. "Bari mu ji ra'ayinsu."

Raki ta sa safar hannu, ta yi bisimilla a zuci, ta zura ɗan bututun roba cikin kejin kamar yadda ta gani sau dubu a bidiyo. Wani ɓera ya shige. Ta karkato shi a hankali zuwa tafinta. Ɗan baƙi ne, ɗumi gare shi, zuciyarsa na bugawa kamar tata. Ya shinshina yatsanta, ya shinshina iska, ya gyara zama abinsa.

Dakta Chloe ta yi rubutu, ta tambaya ko za ta iya farawa farkon wata.

A bakin ƙofa, Raki na sanye da abayarta, wayarta ta yi ƙara.

"Goggo, an ɗauke ni!"

Guɗar da ta fito daga wayar ta sa har Dung sai da ya ja baya.

"Ban gaya miki ba? Turaren nan bai taɓa ba ni kunya ba! Ai tun ɗazu na zazzage akwatinki, duk kayan da za ki tafi da su suna kan kasko."

Raki ta buɗe baki, ta ji murnar da ke cikin muryar, ta rufe.

"Allah ya saka da alheri, Goggo."

Ta kashe wayar, ta juya wurin Dung, wanda ke ta danne dariya.

"Baba, ina ake sayar da dogayen riguna masu sauƙi a garin nan? Kuma ko akwai loka da zan riƙa barinsu a ciki?"