Tudun Ruwan da Auta Ta Ɓata

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta sauke mijina daga jirgin dakon yashi, ya juya wa taga baya. Tagar kuwa mashigin ruwa take kallo, siriri, marar zurfi, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai da komo. Likita ya ce in bai tashi yana takawa ba, ƙafar ta tafi ke nan. Na lallashe shi, na yi faɗa, har kuka na yi. Ko gezau.

Lokacin da yake aiki yana da wata gaisuwa tasa. In ya kusa kwanar gidanmu, sai ya daidaita gudun jirgi da zurfin ruwa har ruwan ya taru a goshin jirgin, sannan ya tsaya cak. Jirgi ya tsaya, ruwan bai tsaya ba. Tudun ruwa guda ne, sumul, ba kumfa, yake tahowa shi kaɗai ya wuce ƙarƙashin tagarmu bai fashe ba. Ina son abin nan, ban taɓa ɓoyewa ba.

Autarmu ce ta gaji jirgin. Wata rana da hantsi muka ji ta rage wuta a kwana. Abin da ya iso ba tudu ba ne, tarkacen igiyoyin ruwa ne suka yi ta dukan bangon gidanmu facal-facal kamar ana wanki. Washegari ma haka. Mijina ya ja tsaki. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya fashe da faɗa.

"Wa ya koya wa yarinyar nan tuƙi?"

"Kai mana," na ce.

"Ruwa ya ja baya bana, ita kuma sai zuba wuta take. Ta wuce gudun ruwan, ta yaya zai taru mata?"

"To kira ta a waya."

"Ana koya wannan a waya? A tafin ƙafa ake jin sa. Miƙo min sandar can."

Da ƙyar muka kai bakin ruwa, yana dafe da kafaɗata, yana gumi, yana mita. Auta ta kamo hannunsa ta shigar da shi jirgi, ya kama sitiyari da hannunsa mai lafiya yana ta zazzaga mata faɗa. Ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Umma, na iya fa. Ɓatawar ce ta fi ba ni wahala."

"Rufe min baki," na ce, hawaye na zubo min. "Gobe ma ki ɓata."