Kwamfuta Ba Ta Tambaya Sau Biyu

Muzdalifa ta iya kwamfuta tun kafin ta taɓa ganin kwamfuta da idonta. Wannan ba abin mamaki ba ne a makarantarsu ta 'yan mata da ke Bungudu, domin duk 'yan ajinsu haka suka iya ta. Malam Gideon, malamin lissafi, shi ne ya je wani kwas a Kaduna ya dawo da zancen na'urar a bakinsa, ba safe ba yamma. Da ya ga makarantar ba ta da ita, kuma babu alamar za ta samu, sai ya ce kowace yarinya ta zo da kwali. Ya zana musu haruffan a kan allo yadda suke a jere a jikin na'urar, kowa ta kwafa a kwalinta da biro. Ɗan abin nan mai jela da ake turawa a kan tebur kuwa, guntun sabulu ya ɗaura wa zare ya ce shi ne.

"Ku ɗora yatsu!" in ji shi. "Kada wadda ta kalli hannunta! Bismillah, ku buga!"

Sai ajin ya ɗauki ƙas-ƙas-ƙas, kamar an watsa wa kaji dawa a faranti.

Sauran 'yan matan wasa suka ɗauki abin. Muzdalifa kuwa da gaske take. Ta bugi kwalinta har haruffan suka goge, ta sake zanawa, suka sake gogewa. Daga baya ma ba ta buƙatar kwalin. Bayan ƙwarya, murfin tukunya, gwiwarta, duk abin da ta samu sai yatsunta su hau.

Kakarta Inna Ma'u, wadda ta riƙe ta tun tana goye, takan zuba mata ido ta ce, "Wagga ɗiya, kalangun wa kike kaɗawa? In bori na, ki gaya mini tun da wuri."

Ba bori ba ne, littattafai ne. Ɗakin karatun makarantarsu kabad guda ne, kuma ta karance shi kaf, har da wani littafin kiwon zomo da ba wanda ya taɓa ara sai ita. A cikin kabad ɗin akwai wani labari da take so fiye da kowanne, amma gara ta cinye shafukansa na ƙarshe, daidai inda jirgin ruwa ya fara nutsewa. Ta tambayi kowa, ba wanda ya san yadda aka ƙare. Ran nan Malam Gideon ya ce akwai wani abu wai shi intanet, ana haɗa kwamfuta da layin waya, sai karatu ya riƙa zuwa daga ko'ina a duniya, wanda ya fi ƙarfin duk kabad-kabad ɗin Zamfara a haɗe. Tun daga ranar Muzdalifa ba ta sake samun sukuni ba.

Ana gab da dogon hutun damina sai labari ya zo. Wata ƙungiya ta buɗe ɗakin kwamfuta a Gusau, har da layin wayar, kuma za a koyar da 'yan mata kyauta a lokacin hutu. Sai dai kujerun kaɗan ne. Kowace makaranta ta turo yarinya ɗaya a gwada, wadda ta ci a ɗauke ta, wadda ta faɗi ta koma ga kwalinta. Malam Gideon bai ma yi shawara da kowa ba, ya ba da sunan Muzdalifa.

Da safen ranar gwajin, Inna Ma'u ta gyara mata mayafi ta kuma ɗora mata huɗubar da ta saba.

"Birni za ki, gidan mutane. Kada ki zan mayunwaciya. Ɗiyar mutunci in an ce mata 'kina so?' sai ta ce a'a. In mai gida na kirki ne, shi ka matsawa. Kin jiya?"

"Na ji, Inna."

Kuma dabarar ba ta taɓa ba ta kunya ba. A gidan goggonta sai ta ce ta ƙoshi, a cika mata kwano har ya yi toliya. A gidan biki ta ce a bari, a tura mata alkaki cikin jaka. Duk Bungudu haka ake yi, ba a kuma taɓa jin wanda ya kwana da yunwa saboda haka ba.

Malam Gideon ya raka ta a bas. Tun daga tasha har suka shiga Gusau yatsunta na rawa a kan cinyarta, ba ta san ko bita take yi ko tsoro ne ba.

Ɗakin kwamfutar sai an cire takalmi ake shiga. Ga fanka tana juyawa, ga janareto yana kuka a bayan gini, ga na'urorin nan a jere a kan tebura, farare, kowace da ƙaton kai kamar talabijin. Muzdalifa ta tsaya a bakin ƙofa har sai da wata doguwar yarinya ta ture ta.

"Ke, shiga mana, ba su cizo."

Sunanta Rifkatu, daga Tsafe aka turo ta. Babanta malamin gona ne, a can aka haife ta, kuma bakinta ba ya hutawa. Kafin su zauna Muzdalifa ta riga ta san cewa motarsu ta yi faci a Kwatarkwashi, cewa direban ya fi tayar tsufa, da kuma cewa Rifkatu ta taɓa taɓa kwamfuta a shagon kawunta, da yatsa ɗaya. Ta kwance ƙullin gyaɗa ta miƙo.

"Za ki ci?"

"A'a, na gode."

"Madalla," in ji Rifkatu, ta watsa gyaɗar a baki. "Na san halinku. Ni ba na roƙon mutum ya cinye mini abinci."

Muzdalifa ta bi gyaɗar da ido. Ko kumallon kirki ba ta yi ba.

Mai gwajin wata mata ce, Malama Saude, gajera mai tabarau, mai tafiya kamar ta bar tukunya a kan wuta. Ta ce wa malaman da suka yi rakiya su jira a baranda. Ta buɗe wa kowace yarinya farin shafi, ta ce kowa ta rubuta dalilin da ya sa take son shiga ajin, in ta gama za ta zagayo ta duba.

Muzdalifa ta ɗora yatsu. Abin da ya fara ba ta tsoro shi ne haruffan nan suna nutsewa. Na kwali ba sa motsi. Ta danna ɗaya ta riƙe, sai ga shi ya cika layi guda yana gudu kamar jerin tururuwa. Ta ɗauke hannu da sauri, ta yi a'uziyya, ta nemo mai gogewa inda Malam Gideon ya zana shi, ta kuwa same shi a wurin. Wannan ya kwantar mata da hankali. Ashe kwalin bai yi ƙarya ba.

Daga nan yatsun suka gane hanya. Ta rubuta labarin kabad, da littafin zomo, da garar da ta cinye jirgin ruwa. Rifkatu, wadda ke farautar haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta juyo ta saki baki.

"Ke! Inji aka sa miki a hannu?"

Muzdalifa ta riga kowa gamawa. Ta karanta abin da ta rubuta, ya yi mata daɗi har ta ji kunyar kanta. To, Malam Gideon ya sha gaya musu cewa mai aikin kirki in ya gama yakan rufe aikinsa, ba ya barin shi a buɗe kamar kwanon da aka ci aka tashi. Don haka ta kama ɗan abin mai jela, ta tura shi kamar sabulun, ta danna alamar rufewa a kusurwa.

Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar gilashin kwamfutar da tambaya cikin Turanci: tana so a adana mata abin da ta rubuta?

Kwali bai taɓa tambayar ta komai ba.

Ta fahimci Turancin sarai, ba a nan matsalar take ba. Yau ta fara shigowa gidan nan. Ko gaisawa ba su gama yi da na'urar ba, sai kuma ta ɗora mata ajiya? Me za a ce da 'yan Bungudu? Ta sunkuyar da kai yadda ya kamata, ta danna a'a, ta naɗe hannuwa tana jiran a matsa mata.

Ta jira. Fanka ta juya, janareto ya yi kuka. Da ta ɗago ido, babu akwati, babu shafi, babu jirgin ruwa. Gilashin ya koma fili fetal.

"Rifkatu," ta ce a hankali, "yaushe za ta sake tambaya?"

"Wa?"

"Ita. Ta ce ko ina so ta ajiye mini, na ce a'a."

"Kika ce me?"

"Ai na farko ne."

Rifkatu ta dube ta, ta dubi gilashin, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na girgiza. Muzdalifa ta ji idonta ya yi zafi. Ta hango bas ɗin komawa, ta hango kwalinta a ƙarƙashin katifa, ta hango kanta ta tsufa ba ta san ko mutanen jirgin sun tsira ba.

Sai ga Malama Saude a kanta. "Ina aikinki?"

Muzdalifa ta nuna mata gilashin da ba komai a kansa.

"Malama, wallahi ta yi," in ji Rifkatu, tana share hawayen dariya. "Shafi guda cur, na gani da idona. Kwamfuta ce ta yi mata tayi, ita kuma ta yi mata kara."

Ɗakin ya fashe da dariya. Malama Saude ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, sai da ta cire tabarau ta goge.

"Allah sarki. Da tsohuwata ce ma haka za ta yi," in ji ta. Ta mai da tabarau, ta dubi agogon bango. "To, 'yar Bungudu, ba zan ba ki maki a kan abin da ban gani ba. Lokaci ya kusa, man janareto ma ya kusa. Kina so ki sake?"

Ga tambayar ta sake zuwa, ga idanun ɗakin duk a kanta. Bakin Muzdalifa ya riga ya shirya amsarsa tun tana ƙarama: a'a, Malama, kada ki damu, ba komai. Har ta ji muryar Inna a bayan kunnenta. Malama Saude kuwa ƙafarta ɗaya ta riga ta juya wajen tebur na gaba, kuma daga ganin wannan ƙafar ba irin mai dawowa ba ce.

"A'..." in ji Muzdalifa.

Rifkatu ta taka mata ɗan yatsa, ba da wasa ba.

"Ina so!"

Yadda ta faɗe shi, sai da Malam Gideon ya leƙo ta taga daga baranda ya ga ko wuta ce ta ja wani.

Malama Saude ta buɗe mata sabon shafi. Abin da aka rubuta sau ɗaya ai yana nan a ka, kuma yatsun da suka goge biro a kwali ba sa neman a yi musu jagora. Ƙas-ƙas ɗinta kaɗai ake ji, sauran 'yan matan sun bar nasu suna kallo. Da ta kai ƙarshe ta je rufewa, akwatin ya sake fitowa da tambayarsa, ko a jikinsa, kamar bai taɓa ganin ta ba. Ta danna e da ƙarfin da ya sa tebur ya motsa.

Malama Saude ta buɗe ta karanta a tsaye. "Littafin zomo kuma?" ta ce, ba ta jira amsa ba. "Jirgin nan naki za mu neme shi, amma ban yi alkawari ba. Layin namu jaki ya fi shi sauri."

Da aka kira sunayen waɗanda aka ɗauka, na Muzdalifa na ciki, na Rifkatu ma ya shiga da ƙyar daga ƙarshe. A baranda Malam Gideon ya dafe kai ya ce laifinsa ne, bai taɓa koya musu adanawa ba, to me za a adana a kwali? Rifkatu ta lalubo sauran gyaɗa a gindin jaka, kafin ta gama cewa "za ki" Muzdalifa ta karɓe.

Da la'asar ta isa gida ta zayyana wa Inna Ma'u komai. Tsohuwar ta saurara tana tsince shinkafa, har aka zo kan akwatin.

"Tsaya. Sau guda ta tambaye ki?"

"Sau guda, Inna."

"Kinka ce a'a, ta kwashe abinta ta tahi?"

"Ko waiwaye."

Inna Ma'u ta ajiye faifan. "To wagga na'ura ba ta samu tarbiyya ba. Ki je ki koyi karatunta, amma kada ki kwaso mini halinta." Ta miƙe ta buɗe tukunya, tururi ya tashi. "Ga dambu nan. Za ki ci?"

"Ina so."

Inna ta tsaya da ludayi a hannu.

"Yini guda," ta ce. "Yini guda tal." Ta zuba mata har ya yi toliya.