Abin da Ya Kawo Tessa Coci

A cocin Lutheran na garin Halvard, can cikin gonakin masara na yammacin Minnesota, mai shekara sittin yaro ne. Marlys Tollefson ta ba saba'in baya, amma duk ranar da za a ɗauko kujeru daga ɗakin ƙasa ita ake kallo, don gwiwoyinta sun fi na kowa lafiya. Da idonta ta ga zamanin da sai an buɗe benen sama ranar Lahadi saboda cunkoso. Yanzu benen ya zama ma'ajiyar kayan Kirsimeti, fastonsu kuwa, wadda mace ce, raba ta suke yi da wasu ikilisiyoyi biyu, tana sauka daga mumbari take faɗawa mota.

Da aka kafa kwamitin jawo matasa, Marlys aka ba shugabanci. Babu abin da ba su gwada ba. Sun sayi jita, aka rasa mai kaɗawa. Sun shirya walimar fiza, tsofaffi suka cinye, suka yini da ƙwannafi.

"Marlys, ki hutar da kanki," in ji Arlen Brekke, wani tsohon manomi da bakinsa ba ya zama shiru. "Matashi ɗaya ne ke shigowa nan a kai a kai, yaron gidan jana'iza. Shi ma aiki ke kawo shi."

"Kai zai ɗauka na gaba in ba ka yi mini shiru ba."

Bayan girbi, wata Lahadi, sai ga wata mace da ba ta wuce talatin ba ta shigo ana waƙar farko, ta zauna a kujerar baya kusa da ƙofa. Duk wuyan da ke juyuwa a cocin sai da ya juya. Ba ta buɗe littafin waƙa ba, amma leɓɓanta na bin kowane baiti. Marlys ba ta ji wa'azin ranar ba, tunanin yadda za ta tare ƙofa kafin baƙuwar ta fice take yi.

Ta kuwa tare ta. Sunanta Tessa Vangen, ma'aikaciyar jinya ce a gidan kula da tsofaffi, ba su daɗe da tarewa a garin ba ita da mijinta Wyatt, direban babbar mota.

"Kin san waƙoƙinmu da ka!" Marlys ta ce, ta riƙe mata hannu gam.

"Mamata ce ta..."

"To ai ke 'yar gida ce! Zo ki sha kofi, akwai kek ɗin lemo. Arlen, matsa mata, ka cika hanya kamar tarakta."

Kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba, Tessa ce ke karanta nassi, don muryarta na kai wa har kunnen masu na'urar ji. Daga nan aka ce ta duba musu shafin cocin na intanet, tunda yaran yanzu sun san waɗannan abubuwa. Marlys ta ɗauke ta hoto tana zuba kofi, aka sa a shafin, aka rubuta "Matasanmu" a ƙasa, alhali ita kaɗai ce a hoton. Aka sa ta a kwamiti. Da za a farfaɗo da makarantar Lahadi saboda jikokin wata tsohuwa da ke zuwa hutu, ita aka miƙa wa. Duk abin da Marlys ta roƙa, Tessa takan ɗan yi jim, ta ce, "To, zan gwada."

Marlys tana ganin wannan jim ɗin. Tana ganin baƙin da ke ƙarƙashin idon yarinyar ranar da ta fito daga aikin kwana ta wuce coci kai tsaye. Takan ce a ranta, bayan Kirsimeti zan rage mata. Bayan Kirsimeti kuma sai ga taron shekara, Marlys ta miƙe ta ba da sunan Tessa a majalisar ikilisiya, ba ta ko tambaye ta ba. Aka yi tafi. Tessa ta yi murmushi tana kallon tebur.

Lahadi ta zagayo, Tessa ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Marlys ta kira waya, ba a ɗauka ba. Ta uku, Arlen ne ya karanta nassi, ya yi ta tuntuɓe da sunayen sarakunan Yahuza.

Ranar Talata da hantsi Marlys ta gasa dankali da niƙaƙƙen nama, ta naɗe kwanon da tawul, ta nufi gidan. Wyatt ta tarar a waje yana kwashe ƙanƙara da shebur. Dogo ne, mai ƙarancin magana. Ya karɓi kwanon ya yi godiya, amma bai matsa daga hanya ba.

"Barci take. Jiya aikin kwana ta yi."

"Lafiya dai? Ko wani ya ɓata mata rai a coci?"

Ya kafa shebur ɗin a ƙanƙara. "Kin san mamarta ta rasu watan Agusta?"

Marlys ta girgiza kai.

"Mamar ce ke kaɗa piyanon coci a garinsu tun Tessa tana goye. Bayan jana'iza ba ta iya kuka ba, ko ɗigo. Shi ne ta ce bari ta sami inda ake rera waɗannan tsofaffin waƙoƙin, ta zauna a baya, ko kukan zai zo. Ranar farko ya kusa zuwa." Ya share hanci da bayan safar hannu. "Ba na ce kun yi mugunta ba. Amma duk mako a wurin aiki tsofaffi take ɗagawa tana kwantarwa. Ranar Lahadi ma sai ta je ta ɗauki wasu."

Marlys ta koma mota ta zauna, ba ta tayar ba. Ta san ranar da aka haifi Tessa, don ta sa a jaridar coci. Ta san tana iya kwamfuta, ta san ba ta shan kofi da madara. Amma yarinyar ta fara faɗa mata tun a bakin ƙofa, ita ce ta katse ta da zancen kek. Abin da ya fi cin ta shi ne, ita ma ta san wannan zaman. Shekarar da mijinta Dale ya rasu, wata da watanni tana zama a coci ba ta tsinana komai, mata suna ajiye mata abinci a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ta ɗauki ko cokali.

A taron kwamiti na gaba aka taso da maganar. Wata ta ce yaran yanzu ba su da juriya, da an ba su aiki sai gudu.

"Ba ita ba ce," Marlys ta ce. "Mu ne. Ni ce."

Arlen ya dube ta, yana shirin sako ba'a, sai ya fasa. Marlys ce ta nemi a cire sunan Tessa daga majalisa, ta karɓi makarantar Lahadi da kanta. Hoton kuwa, babu wanda ya iya sauke shi a cikinsu, sai da ta roƙi fasto ta tsaya bayan sujada ta sauke shi.

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa suka haɗu, a kantin kayan abinci, gaban firjin madara. Tessa ta yi kamar za ta juya, sannan ta tsaya.

"Marlys, ki yi haƙuri, na bar ku da..."

"A'a, 'yata. Ba ki bar mu da komai ba." Marlys ta riƙe keken sayayyarta da hannu biyu don kada ta kama yarinyar. "Yaya sunan mamarki?"

Tessa ta ce, "Lorna."

"Wace waƙa ta fi so?"

Tessa ta faɗa, ta ƙara da cewa mamar takan ja baitin ƙarshe har mawaƙa su rasa numfashi, fasto ya yi ta hararar ta. Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, sai ga hawaye. Mutane suna ratsa su suna ɗaukar madara. Marlys ta lalubo hankici a aljihun kwat ta miƙa mata, ta tsaya tare da ita har ta gama.

Ba ta ce mata ta dawo ba, ko da yake maganar tana kan harshenta. Tessa ma ba ta yi alkawari ba. Daga baya Marlys ta ji cewa takan je wata babbar coci a birni wani lokaci, inda babu wanda ya san sunanta. Ta ji zafin labarin. Lahadin da ta biyo baya ta sauka ɗakin ƙasa, ta jera ƙananan kujeru, ta koya wa yara biyu labarin Yunusa da kifi, ɗayan yana barci.