Ɗacin Ba Daga Tukunya Yake Ba

Shekara goma sha tara tana girki a kicin ɗin kamfanin yin takalma, ba a taɓa dawo mata da faranti ba. Uwar Tukunya ma'aikata suke ce mata. Ba ta auna gishiri da cokali. Ta ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, shi ke nan ta san abin da ya rage.

Wata Litinin ta lasa, sai ta ji kamar ta tsotsi tsohon makulli, har da wani ɗan wari a ƙarshe. Nan take ta sa aka zubar da miyar mutum ɗari da ashirin, ranar kowa burodi da ƙwai ya ci. Washegari mahaucin da ke kawo musu nama ya shigo, ta wanke shi tas a gaban jama'a. Bawan Allah ya rantse har ya gaji, ya ɗauki kwandonsa ya fita.

Aka canja mahauci, ɗacin bai tafi ba. Ta zargi mai, ta zargi ruwan famfo, ta sa aka kankare tukwane har suna ɗaukar ido. Ran Alhamis mataimakiyarta Doguwa, wadda suka fara aiki rana ɗaya, ta karɓi ludayin ta ɗanɗana.

"Yaya, miyar nan lafiyarta ƙalau."

"Harshenki ne ya mutu."

"To nawa ya mutu. Na mutum ɗari da ashirin fa? Jiya har ƙari suka nema."

Uwar Tukunya ta zauna kan buhun shinkafa. In ba tukunya ba ce, to ita ce. Mai girkin da harshenta ya daina faɗa mata gaskiya kuwa, me ya rage mata? Doguwa ta tura ƙofar sito, ta rage murya.

"Kada ki ji haushi, Yaya. Kwana biyun nan bakinki yana ɗan tashi, kuma na lura da gefe ɗaya kike tauna."

Kunya ta rufe ta, amma ta san wurin. Shekara huɗu da suka wuce aka cire mata wani haƙori na can ciki a gefen hagu, aka dasa ƙusar ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, aka ɗaura sabon haƙori a kai. Watannin nan tana ganin jini a buroshi, sai ta daina goge gefen don kada ta fama.

Washegari ta tafi asibiti. Likitar haƙorin ba ta wuce sa'ar 'yarta ba. Ta danna dasashin a hankali, ta nuna mata a madubi: wurin ya kumbura, ya yi jawur, ga mugunya tana tsattsafowa.

"Mama, ga abin da kike ɗanɗana. Datti ne ya taru a gindin dashen, ƙwayoyin cuta suka samu gida. Harshenki ba abin da ya same shi."

"Sake faɗa, 'yata."

Likitar ta yi dariya, ta sake faɗa. Ta ɗauki hoton ƙashin, ta ce cutar ta ɗan ci ƙashi, amma ƙusar ba ta girgiza, an zo kan lokaci. Ta yi mata allurar kashe zafi, ta kwance haƙorin na sama, ta kankare gindin da wani siririn abu mai feshin ruwa, ta wanke da magani, ta mayar. Uwar Tukunya tana kwance baki buɗe, hawaye na gangarawa kunnenta. Likitar ta tsaya ta tambaya ko zafi ne. Uwar Tukunya ta girgiza kai.

Aka ba ta ƙwayoyi, da ruwan kurkure baki, da wani buroshi ɗan mitsitsi mai shiga tsakanin haƙora.

"Gefen da kike gudu shi za ki fi gogewa. Ruwan kurkuren kuma zai ɗan rikita miki ɗanɗano, kada ki tsorata."

Daga asibitin ba ta wuce gida ba, shagon mahaucin ta nufa. Leɓenta bai gama saki daga allurar ba, maganar tana fita a karkace, amma ta ba shi haƙuri a gaban masu sayen nama. Ya saurara yana wasa wuƙa.

"Ai na san namana, Hajiya. Gobe kilo nawa?"

Mako biyu Doguwa ce mai ɗanɗana miya, ta kuwa samu abin yi, kullum sai ta lasa sau uku tana lumshe ido kamar alƙaliya. Da Uwar Tukunya ta koma asibiti, likitar ta zagaya dasashin da wani siririn ma'auni, ko ɗigon jini bai fito ba. Ta rubuta mata ranar dawowa bayan wata uku, ta ce kada ta kuskura ta tsallake. Uwar Tukunya ta ninke takardar ta soka a jaka, ta tambaya ko yau za ta iya tauna da gefen hagu.

"A hankali dai, Mama," in ji likitar.