Albasar Ɗanasabe Ta Kwanta da Wuri

A Aliero, in kana son rigima da mutum, taɓa masa albasa. Hamida ta san haka sarai, don ta tsufa a gidan mijinta Ɗanasabe, mutumin da ko ranar sunan ɗansa sai da ya leƙa fadama.

Wani kumburi ya fito masa a wuya, ashe ciwon daji ne. Allurar farko ta sa kumburin ya sace, daga baya ya dawo da ƙarfinsa. Likita ta yi musu bayani dalla-dalla: kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da lokacin mutuwarta, akwai sinadarin furotin da ke ba ta umarni ta mutu, akwai kuma mai hana ta. A jikinsa mai hanawar ne ya yi rinjaye, shi ya sa maganin ya daina ci. Akwai wani magani da ke karya wannan taurin kan, amma sai an fara shi tun ciwon bai bazu ba.

Ɗanasabe ya ce ya ji, sai dai bayan an cire albasa. Ai ba a cire ta sai ganyenta ya kwanta da kansa, kuma da saura. Hamida ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kira yayansa. Kamar ana zuga shi. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don kullum tana ganin wuyan rigarsa na ƙara matse shi.

Ranar kasuwar Jega zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta aika wa ƙaninta Faruk, ya zo da Keke Napep ya ɗauke injin ban-ruwa ya kai Maiyama. Albasa kuwa in ta rasa ruwa ba ta gardama. Kafin maigidan ya miƙe, ganye ya zube, maƙwabta sun taru sun cire ta, ƙanana-ƙanana.

Ya tsaya bakin gona yana juya guda ɗaya a tafin hannunsa.

"Wa yaɗ ɗauki inji?"

"Ni ta. Albasa dai an cire, Malam. Mi yar rage?"

Washegari suka shiga mota zuwa asibiti, ya juya mata ƙeya har suka wuce Jega. Hamida ta gyara masa hula ta bar shi da fushinsa. In ya ga dama ya shekara yana yi, ita dai ya shekara a raye.