Keken Ɗinki Babu Zare

Ƙarar ta fara ne wata uku bayan rasuwar mahaifiyarsa. Wani dare ya ji ta daga ɗakin mahaifinsa: ƙirr, ƙirr, sai wani ɗan ƙat a ƙarshe, kamar akuya tana shaƙuwa. Lokacin bai zama marubucin wasan kwaikwayon nan da ake miƙewa idan ya shigo ba. Saurayi ne mai shekara ashirin da biyu, 'yan unguwa suna kiransa Alƙalami, domin kullum akwai guda a bayan kunnensa. Yau idan 'yan jarida suka tambaye shi abin da ya raba shi da garinsu, cewa yake yi babu babban dandali a can. Ba shi ne dalilin ba.

Ya leƙa ta tsagar ƙofa. Mahaifinsa, kafinta, mutumin da ko gaisuwa da ka yake amsawa, yana zaune gaban keken ɗinkin marigayiya yana takawa. Babu zare, babu ƙyalle, allura tana hawa tana sauka a banza. Kuma yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yau na yanke a yatsa, amma kaɗan ne, kada ki damu. Ɗanki kuwa har yanzu bai iya riƙe zarto ba."

Da wani ɗan ne, da ya koma shimfiɗarsa ya yi hawaye. Shi kuwa sai ya zaro abin da ke bayan kunnensa.

Shekara biyu ana jin ƙarar nan kowane dare. Mai wanki, wanda bango ɗaya ya raba su, ya sha rantsuwa cewa aljani ne ya tare a gidan. Ba wanda ya iya tambayar kafinta.

Da Alƙalami ya gama rubuta wasansa na farko, ya ɗauka ya ɓoye sawu. Ya mai da mahaifin nasa mahauci a cikin wasan, ya ba shi tumbi da gemu, ya sa zancen ya zama na ban dariya. Saura keke kawai.

"Baba, aron keken nan muke so. Ado ne kawai, a gefe za a ajiye."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. Sannan shi da kansa ya tura keken a amalanke har ɗakin taro. Shi ya haɗa musu bencuna ma, kuma ranar wasa ya sa rigarsa mafi kyau ya zauna a sahun gaba.

Ɗan wasan da ya fito a mahauci ya zauna, ya ɗora ƙafa, ya taka. Ƙirr, ƙirr, ƙat.

Alƙalami ya sauya gemu, ya sauya sana'a, amma ya manta rabin mutanen ɗakin nan da wannan ƙarar suke barci. Daga can baya mai wanki ya miƙe.

"Kai jama'a! Wannan ai aljanin gidan kafinta ne!"

Ɗaki ya ɗauka da dariya. Wasu har hawa benci suke yi don su hango ƙeyar tsohon. Ɗan wasan ya zaci shi ake yi wa, sai ya ƙara ƙaimi, yana rungumar keke yana cewa, "Yau na yanke a yatsa, kada ki damu!" Alƙalami yana bayan labule, yana kallon kunnuwan mahaifinsa. Tsohon bai motsa ba. Ya zauna har ƙarshe, ya tafa, ya jira kowa ya fita, ya tura kekensa gida.

Da zagi ya yi, da an samu sauƙi. Da safe ya kwance keken, ya zuba masa mai, ya gyara inda ke yin ƙat ɗin, ya rufe shi da mayafin marigayiya. Daga ranar gidan ya yi tsit. A shago kuwa masu kawo aiki sukan ce, "Kafinta, a gaida mutanen gida," suna danne dariya, shi kuma yana ta goge katako.

Sau ɗaya Alƙalami ya gwada. "Baba, ni wallahi ban yi nufin..."

"Wasa ya yi kyau. Miƙo min guduma."

Gari yana ta yabonsa, shi kuwa ya koma bin bayan gidaje don kada ya wuce ta gaban shagon. Mako shida ya jure shirun. A na bakwai ya haɗa kayansa. Mahaifinsa ya karɓi akwatin, ya ga mariƙinsa yana rawa, ya ɗauko ƙusa biyu ya ɗaure, ya rako shi ƙofar gida.

Mai wanki yana shanya a bakin hanya. Tun ranar wasan shi ma ba ya iya haɗa ido da kafinta. Ya dubi akwatin, ya dubi saurayin, ya matse rigar da ya riga ya matse.

"To kafinta," in ji shi a hankali, "yanzu kuma da wa za ka riƙa hira?"